Maganin Warwatsewar Hankali a Ma'aunin Fiƙihu

Larurar da likitoci ke kira ADHD, wato gazawar mutum wajen tattara hankali wuri guda, tana farawa tun yarinta kuma takan bi mai ita har girma, inda za a ga magidanci yana mance alƙawari, yana barin aiki a rabi, yana kasa bin karatun malami ko da yana ƙaunarsa, jama'a kuwa su yi masa shaidar sakarci. Idan irin wannan mutum ya je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da ke kan titin Zariya daura da Gyaɗi-Gyaɗi a Tarauni, tambayar da za ta biyo shi gida ta addini ce: shin ƙwayar da ke taɓa ƙwaƙwalwa ba dangin maye ba ce?

Magungunan iri biyu ne. Masu zaburarwa, irin su Ritalin, suna ƙara sinadaran dofamin da noradiranalin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke isar da saƙo da su, suna fara aiki cikin kamar awa guda, kuma su ne hukumar tsara magani ta Ingila ta sa a gaba ga manya a 2018, sai dai sukan rage barci da sha'awar abinci, su ɗaga bugun zuciya, kuma ana iya karkatar da su zuwa shaye-shaye, shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara sayar da su. Marasa zaburarwa, irin su Strattera da Amurka ta amince da shi a 2002, sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu, galibi ba su kai na farkon ƙarfi ba, amma ba sa jan mutum ga jaraba.

Tsoron mutanen Kano yana da dalili, domin gari ne da ya ga ɓarnar kodin da taramadol a cikin matasansa, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018. Amma fiƙihun Malikiyya bai gina hukunci a kan sunan abu ba. Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da ke gusar da hankali tare da nishaɗi, da wanda ke ɓata shi ba tare da nishaɗi ba, da wanda ke sa mutum ya fita hayyacinsa gaba ɗaya, kuma duka ukun gushewar hankali ce ta haɗa su. Ƙwayar da likita ya auna, wadda ke taimakon mutum ya riƙe adadin raka'o'insa maimakon kullum yana ƙabli da ba'adi, ba ta shiga ko ɗaya daga ciki ba, hasali ma tana yi wa kare hankali hidima, wanda yana cikin manufofin shari'a biyar da Shaɗibi ya yi bayani. Goro ma, da dattawa ke ci a zaure bayan la'asar, zaburarwa yake yi, kuma ba a ɗauke shi abin maye ba.

Inda marasa zaburarwa ke samun rinjaye shi ne ƙa'idar toshe kafa, wato hana halal idan ana kyautata zaton zai kai ga haram. Wanda ya taɓa faɗawa shaye-shaye, ko wanda ke zaune a gidan da matashi zai iya ɗauke ƙwayar daga cikin durowa, jiran makonnin nan ya fi masa tsira. Sai dai ƙa'idar tana duban halin mutum ne ɗaya bayan ɗaya, kuma zalunci ne a shimfiɗa ta a kan kowa, a bar mai larura yana rasa sana'arsa da zaman lafiyar gidansa saboda laifin da wasu suka yi da wata ƙwaya dabam. Likita ne zai auna hawan jini da tarihin mara lafiya kafin ya zaɓa, kuma malamin da aka kawo wa tambayar yana buƙatar jin wannan bayani kafin ya ba da fatawa.