Wasan da Mai Kallo Bai San Wasa Ba Ne

Da mulkin sojan Birazil ya tilasta wa Augusto Boal gudun hijira a 1971, sai ya koma Ajantina, inda ya ɓullo da wasan ɓoye. 'Yan wasa kan shiga gidan abinci, ɗayansu ya ci ya ce ba shi da kuɗi, gardama ta kaure kan yunwa da albashi. Jama'a su tsoma baki, ba su san shiri ne ba.

To, mai karatu, ya halatta a yaudari mutum don a farkar da shi? A ganina, a'a. Yaran tashe ma a titi suke wasansu, amma kowa ya san wasa ne. Wanda aka tatsi tausayinsa da dabara, ran da ya gane, mayunwacin gaskiya ne zai kwana a ciki.