Huhun Goro da Batirin Mota: Ko Yin Shiru Ƙarya Ne?

Goro ne ya kai kakannin Hausawan Zangon Kumasi ƙasar Asante. Shekara da shekaru fatake suna tasowa daga Kano da Katsina, su biyo ta Salaga, su koma gida da goro ƙunshe cikin ganye. Wannan sana'a tana da ƙa'ida: mai saye yana da iko ya ce a kwance huhu, ya tona har ƙasa, don ya ga ko an jera mai kyau a sama an ɓoye mai tsutsa a ciki. Amma yanzu wani irin huhu ya fara shigowa kasuwa wanda ba ya kwantuwa, wato batirin mota mai aiki da lantarki.

A watan Disamba na 2023 gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da manufarta a kan motocin lantarki. Yawancin motocin da ke bin titunan ƙasar kuwa tsofaffi ne da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi, don haka da yawa cikin masu lantarkin ma ta wannan hanya za su zo. Makanike a Suame Magazine yakan gane lafiyar inji da kunnensa, ya dubi hayaƙi, ya taɓa baƙin mai. Motar lantarki ba ta da hayaƙi, ba ta da ƙara. Batirinta, wanda shi ne abu mafi tsada a jikinta, a rufe yake ƙarƙashin kujeru.

Sanyi da zafi duka suna taɓa batir, amma ba iri ɗaya ba. A ƙasa mai ƙanƙara kamar Norwe, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne, sanyi yana rage nisan da mota za ta yi, domin batir yakan yi nauyin jiki, kuma daga cikinsa ake ɗibar wutar ɗumama fasinja. Da iska ta yi ɗumi, ƙarfin sai ya komo. Zafi kuwa cin batir yake yi a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. A 2012 masu motar Nissan Leaf a birnin Phoenix na Amurka suka yi kuka cewa batiransu sun raunana tun motocin suna sababbi, gama ba a sa wa wannan batir na'urar sanyaya shi da ruwa ba. Sanyi rance yake karɓa, zafi kuwa ƙwace yake yi. Motar da ta riga ta gaji a wata ƙasa, idan ta zo ta sha ranar Fabrairu da Maris a Asawase ko Aboabo, gajiyarta sai ta ƙaru.

To, ga tambayar. Dillali ya san batir ya raunana. Mai saye ya zagaya mota, ya ga fenti yana walƙiya, bai tambaya ba. Dillali bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, shiru kawai ya yi. Yana da laifi?

Akwai masu cewa ba shi da shi, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa ciniki ido ne, kowa ya buɗe nasa. Dillali ma sayowa ya yi, ya biya kuɗin fito, yana da iyali. Idan ya tona aibin kayansa farashi zai faɗi, maƙwabcinsa da ya yi shiru shi zai ci kasuwa.

Amma wannan hujja tana tsayawa ne a inda mai saye yake da idon gani. Ba laifi mai kaya ya ɓoye nawa ya sayo, ko ya yi taurin kai a kan farashi. Wannan shi ne tayi da albarka, kuma kowa ya san da shi. Ɓoye ainihin abin da ake sayarwa wani abu ne dabam. Mai saye yana zaton mota yake biya wa kuɗi, alhali kuwa ya sayi bashin sabon batir ne da zai faɗo masa nan gaba. Da ya sani, da bai biya haka ba, kuma dillali ya san da wannan. Ribar da ba za ta samu ba sai ɗayan yana cikin duhu, duhun aka sayar masa. Littafin Firistoci, sura 19, ya ɗauki cutar da makaho a kan hanyarsa a matsayin rashin tsoron Allah, domin makaho ba zai taɓa sanin wanda ya yi masa ba. Gaban batir rufaffe, kowane mai saye makaho ne.

Wane ne kuma zai sha wahalar? Sau da yawa direban haya ne wanda ya ci bashi, ya yi lissafin cewa caji ɗaya zai kai shi wuni, sai ga shi tsaye tun kafin la'asar.

Gaskiya a nan ba ta da wuyar aikatawa. Akwai na'urar da ake jona wa mota ta nuna ƙarfin da ya rage a batir. Dillalin kirki zai sa a auna a gaban mai saye, ya faɗi ƙasar da motar ta fito, ya sa farashi daidai da abin da aka gani. In shi ma bai sani ba, sai ya ce bai sani ba. Wanda ya saya kuma yau da gobe zai zama mai sayarwa: in ya saba barin motarsa cikin rana da batir cike fal, ya faɗa wa na bayansa.

Watakila mai yin haka ya rasa ciniki yau. Amma Zango ya rayu ne a kan amana. Fatake suna barin kayansu wurin maigida su tafi wata da watanni. Dillalin da aka sani yana kwance huhu tun ba a roƙe shi ba, wurinsa za a riƙa aiko 'yan'uwa.