"Ƙaddara Ce" Ba Ta Biyan Kuɗin Asibiti



A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni zuwa Isa, idan motar haya ta kife kusan kowa ya san yadda za a ƙare. Za a yi jana'iza, a kwashi masu karaya zuwa wurin maɗori ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Bayan kwana uku dattawan tasha su zo da direba, a yi gaisuwa, wani ya ce "ƙaddara ce", dangi su ce "mun yafe". Shi ke nan. Wanda aka yanke wa ƙafa kuwa, gonarsa ce za ta biya asibiti.

Tambayata ita ce: wannan yafiya ce ta Musulunci, ko kuwa kunya ce muka sa wa rawani?

Ni ban musa ƙaddara ba, Allah Ya tsare. Amma Allahn da Ya ƙaddara hatsarin, Shi ne Ya wajabta diyya da kaffara kan kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Da imani da ƙaddara yana share hakki, da ba a saukar da wannan hukunci ba. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, wato kimanin giram 4,250 na zinare. Gaɓoɓi ma an yanke musu nasu a wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya ba Amru bin Hazm: hannu rabin diyya, ƙafa rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Risalar da muke karantawa a zaure ma ta ɗora wa mai kora dabba, da mai janta, da mai hawanta lamunin abin da ta taka. To ina ga mai Kanta da ya ɗora mutane a kan buhunan albasa ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi?

A nan ne motar haya ta bambanta da motar gida. Mai motar kansa shi ya saya, shi ya tuƙa, shi ya yi kuskure. Motar haya kuwa hannaye da yawa ke ci a cikinta. Akwai mai mota da ke zaune a gida yana jiran balas kullum, ko da taya ta suɗe, ko da birki na kuka. Akwai 'yan kamasho da suka cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wani a but, suka karɓi nasu. Akwai ƙungiya da ta yanki tikiti kafin motar ta fita tasha. Lokacin riba kowa na nan. Ranar da aka yi jini, sai a bar direba shi kaɗai, mutumin da ko akuya ba ya da ita. Dangin mamaci su dube shi, su ga ba abin da za a samu, su ce sun yafe. Ashe talaucin direba ya zama garkuwar mai kuɗi.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tattauna hatsarin mota a zamanta na Burunai a 1993. Abin da ta tsayar shi ne: bin dokokin hanya wajibi ne, wanda ya yi ɓarnar da hannunsa shi ke da lamuni, wanda ya zama sanadi shi ma yana ɗauka idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, idan kuma sun haɗu, kowa ya ɗauki gwargwadon nasa. Mai motar da direba ya ce masa taya ta mutu, ya ce "lallaɓa ka kai Laraba", yana cikin lissafi. Dokar Najeriya ma tana kama ubangida da ɓarnar da direbansa ya yi a bakin aiki.

Na san abin da direbobinmu za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Hanyoyin nan ba a tafiya a hankali a kansu. Wanda ya tuna matafiyan da aka ƙona cikin mota a Gidan Bawa a watan Disambar 2021 ba zai zargi direban da ya taka mai a dajin da ake tare hanya ba. Shari'a ta san wannan: abin da ya auko wa direba daga waje, wanda ba shi da ikon kauce masa, ba a ɗora masa. Amma ɗan bindiga bai hana ka gyara birki ba. Bai sa ka sha ƙwaya ba. Bai ce ka ba yaron da bai da lasisi makulli ba. Kada mu ɓoye sakacinmu a bayan wata musiba.

Sai a ce: Malam, wa ke da kilo huɗu na zinare a Gobir yau? Musulunci bai taɓa ɗora wa mutum ɗaya ba. Diyyar kuskure aƙila ke biya, wato dangin mutum ta wajen uba, a rarrabe cikin shekara 3. A mazhabar Malikiyya, abin da ya kai sulusin diyya ya hau kansu. Abin da bai kai ba, mai laifin ya biya daga aljihunsa. Sayyidina Umar (RA) ya mai da ita kan mutanen diwani, waɗanda rajista ɗaya ta haɗa su. A kan haka Majalisar Fiƙihun ta ce a Dubai a 2005, ƙungiyoyin sana'a da inshorar takaful suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Ku duba da kyau: ƙungiyar direbobi da ta 'yan kabu-kabu suna da rajista, suna da shugabanni, suna karɓar kuɗi kullum. Me zai hana a ware wani abu daga kowane tikiti a asusun masu rauni?

Ga kuma inshora. Tun 1945 doka ta wajabta wa mota inshorar wanda za ta ji wa rauni ko ta kashe. A Janairun 2023 aka ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, 'yan sanda kuma suka ɗaura ɗamarar tilasta ta daga Fabrairun 2025. Amma da yawa suna ɗaukarta takardar wuce shinge ce kawai, har wasu su sayi ta bogi. Wanda ke ƙyamar inshorar kasuwanci, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan. Ita takardar bogi ha'inci ce a kan fasinjan da ya ba ka amanar ransa.

Yafiya alheri ce, Alƙur'ani ya kira ta sadaka. Amma sadaka sai da abin da ka mallaka, kuma ka san ka mallake shi. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Baffa ba shi da ikon yafe rabon marayu don a ce shi mutumin kirki ne. Matar mamaci tana da nata kason, kuma ita za a tambaya, ba a yanke a ƙofar gida tana cikin takaba ba. Idan an yafe diyyar ma, azumin wata biyu a jere yana nan kan wanda ya yi kisan, domin wannan hakkin Allah ne.

Don haka idan aka kira ka sulhu, kafin kowa ya ce "mun yafe", a fara faɗa wa masu hakki nawa ne hakkinsu. A kira mai motar ya zauna kusa da direbansa. A nemo takardar inshora da rahoton 'yan sanda, a adana rasitin asibiti. A cire rabon yara gefe. Bayan nan, wanda ya ga dama ya yafe nasa, ladansa na wurin Allah.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, Ya ba majinyata lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Gobir. Wanda ya san shugaban tasha ko mai motar haya, ya tura masa.