Haƙƙin Maƙwabci a Cikin Wayar Lantarki

A ranar 25 ga Agustan 2022, jihar Kalifoniya ta Amurka ta zartar cewa daga 2035 za a daina sayar da sabbin motoci masu shan fetur zalla. Ba a cika mako guda ba zafi ya tsananta, har hukumar da ke tafiyar da manyan layukan wutar jihar ta roƙi jama'a su dakatar da cajin motocinsu daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare. Masu adawa suka samu abin ba'a. Sai dai ba'ar ta binne tambaya mai nauyi: shin wanda ya biya kuɗin wuta yana da ikon jan ta a duk sa'ar da ya ga dama?

Hasken rana ba ya jiran kowa. Da tsakar rana wutar da yake samarwa takan yi yawa, har a tilasta wa wasu tashoshi rage aiki. Da almuru kuwa sai ta janye, daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gida su kunna na'urorin sanyaya ɗaki, a ɗora giɓin kan tashoshin iskar gas da batura. Na'urar cajin mota a gida takan ja kimanin kilowat 7, sa'o'i a jere. Idan gidaje da dama suka jona lokaci guda, taransifomar unguwa ce ke ɗaukar zafin. In ta ƙone, duhu bai san mai mota ba. In an sauya ta da babba, galibi a kan kowa ake raba kuɗin, har da tsohuwar da ko keke ba ta mallaka ba.

Don haka, a ganina, biyan kuɗi bai sauke haƙƙi ba. Mutum ya sayi wutar, amma wayar da ta bi ta iso masa ta tarayya ce, kamar rijiyar unguwa a ƙarshen rani.

Duk da haka, zalunci ne a ɗora wa direba nauyin shi kaɗai. Mai gareji zai saita agogo ya kwanta, motarsa ta sha wuta mai rahusa bayan tsakar dare. Ɗan haya, wanda ke ajiye mota a bakin titi, sai inda ya samu. Caji da rana, wanda shi ya fi dacewa da wutar hasken rana, ba ya yiwuwa sai an kafa na'urori a wuraren aiki da kasuwanni, wannan kuwa shawara ce ta hukuma da masu kamfanoni, ba ta wanda ya dawo gida a gajiye da batirinsa saura kaɗan ba.