Aron Idon Maƙwabci: Magani, Ciwon Daji da Haƙƙin Ƙidaya

Duk wanda ya taɓa raka dattijo asibiti a kan ciwon hawan jini ya san wata 'yar ƙwaya da likitoci ke taƙaita sunanta da HCTZ, wato haidirokulorotayazaid. Magani ne mai sa fitsari, mai arha, wanda aka fara amfani da shi tun wajen 1959. Da wuya ka shiga kemis a Wuse ko Nyanya ko Gwagwalada ka rasa shi, ko shi kaɗai ko a haɗe da wani. A kan wannan ƙwaya muke son kafa tambayarmu, tambayar kuwa ta ɗabi'a ce kafin ta zama ta likitanci: idan masani ya gano wata gaskiya a kan magani ta hanyar ƙidayar mutanen ƙasarsa, mene ne matsayin wannan gaskiya ga mutanen da ba a taɓa ƙirga su ba?

Bari mu fara da inda labarin ya faro. A ƙasar Denmak akwai wani masanin bazuwar cututtuka mai suna Anton Pottegård, na Jami'ar Kudancin Denmak da ke garin Odense, wanda aikinsa shi ne bin diddigin abin da magunguna ke yi wa jama'a bayan sun bar ɗakin gwaji sun shiga gari. Littattafan rajista su ne kayan aikinsa. Tun 1943 ƙasar take rubuta duk wanda ya kamu da ciwon daji, tun 1968 kowane ɗan ƙasa yake da lambarsa, tun tsakiyar shekarun 1990 kuma ake rubuta duk maganin da likita ya rubuta aka karɓa a kantin magani. Sai shi da abokan aikinsa suka haɗa waɗannan littattafai ta hanyar lambar nan. A 2017 suka bayyana cewa akwai alaƙa tsakanin daɗewa ana shan HCTZ da ciwon dajin leɓe, a 2018 kuma suka nuna irin wannan alaƙa da ciwon dajin fata. Wanda jimillar abin da ya sha ta kai miligiram 50,000, wato kamar mai shan miligiram 25 kullum har shekara biyar da rabi, haɗarin kamuwarsa da wani nau'in ciwon dajin fata ya kusan ninka na wanda bai sha ba sau huɗu. Dalilin kuwa bai ɓuya ba: maganin yana sa fata ta rage jure hasken rana.

Ba a bar binciken ya kwanta a kan kanta ba. A 2018 hukumar magunguna ta Turai ta sa aka ƙara gargaɗi a takardar da ke cikin kwalin maganin, ta Amurka ta bi sahu a 2020. A 2024 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon ta Faransa, ta sanya maganin cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo ciwon daji ga ɗan'adam. Mu da muke jami'a mun saba a auna malami da yawan takardun da ya buga da yawan waɗanda suka ambace shi, har wani kan raba tunani ɗaya gida uku domin ƙarin girma. To ga ma'aunin da ya fi wannan: mutum ya yi lissafi a ɗakinsa, lissafin ya canza abin da likita ke gaya wa marar lafiya a wata nahiya.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Mutanen Denmak farare ne, rana ba ta raga wa fatarsu. Shi kansa Pottegård ya san haka, domin a 2019 ya haɗu da masana na Taiwan suka maimaita binciken a kan mutanen can, ba su sami wannan alaƙa a fili ba. Wannan hali nasa abin yabo ne, domin ba kowa ke ɗaukar sakamakon da ya ɗaga sunansa ya kai shi inda zai iya karyewa ba. Amma tambayar tana nan: mu fa?

A shekarar 2019 ɗin aka buga wani bincike da ya shafe mu kai tsaye, wanda Dike Ojji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya jagoranta. An gwada haɗin magungunan hawan jini iri uku a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashe shida na Afirka, aka ga cewa haɗin da ke da amlodifin, ko da HCTZ aka haɗa shi ko da ferindofiril, ya fi saukar da jini a kan haɗin da babu amlodifin. Ke nan daga Abuja muna da hujjar cewa ƙwayar nan tana cikin haɗin da ke yi mana aiki. Amma gwajin na wata shida ne. Ciwon daji kuwa ba ya gaggawa, yakan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin ya nuna kansa. Gwajin wata shida zai iya auna jini, ba zai iya ganin abin da zai fito a leɓen mutum bayan ya aurar da 'ya'yansa ba.

Wani zai ce ai magana ta ƙare, tunda baƙar fata garkuwa ce, ciwon dajin da rana ke jawowa kuma ba shi da yawa a cikinmu. Haka ne, kuma muna ganin ga akasarin masu hawan jini a ƙasar nan amfanin maganin ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da bugun zuciya su ne ke ɗauke mana iyaye a kullum. Wanda ya ji rabin labari a rediyo ya watsar da maganinsa, ya gudu daga inuwar maciji ne ya faɗa rijiya. Saboda haka alhakin mai bincike bai tsaya ga faɗin gaskiya ba, har da sanin kunnen da za ta faɗa. Amma kalmar "akasari" da muka yi amfani da ita tana ɓoye wasu mutane. A cikinmu akwai zabaya, waɗanda fatarsu ba ta da wannan garkuwa ko kaɗan, suna rayuwa a ƙarƙashin ranar da ba a taɓa ganin irinta a Odense ba. Nau'in ciwon dajin fatar da binciken Denmak ya fi nunawa shi ne kuwa wanda ya fi addabar zabaya a Afirka tun kafin a zo maganar wani magani. Zabiyan da ya haura arba'in, jininsa ya hau, ya je kemis aka miƙo masa wannan ƙwaya, wane littafi ne zai gaya mana abin da ya same shi bayan shekara goma? Lissafin Denmak bai haɗa da shi ba, na Taiwan ma haka, gwajin da aka jagoranta daga Gwagwalada kuma ba don wannan aka yi shi ba.

Ba za mu ce ba a yi komai ba. Rajistar ciwon daji ta Ibadan tana nan tun 1960. A 2009 aka kafa tsarin da ke haɗa rajistocin ciwon daji na ƙasa, mai cibiya a Abuja, birnin kuma yana da tasa rajistar. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja ta 1993 bayan yara fiye da ɗari sun mutu a 1990 sakamakon shan gurɓataccen ruwan farasitamol, tana da cibiyar karɓar rahoton illar magani, kuma tun 2004 Nijeriya take cikin shirin duniya na sa ido kan magunguna. Sai dai wannan tsari an gina shi ne domin kama illar da ke zuwa da sauri. Lokacin da maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009, an gano shi ne saboda yaran sun yi ta zuwa asibiti a jere da ciwon ƙoda iri ɗaya cikin 'yan makonni. Illar da ke tafiyar hawainiya ba ta tara mutane a ƙofar asibiti rana ɗaya. Ɗaya zai rasu a Kubwa bana, wani a Zariya baɗi, kowane a ce kwana ne ya ƙare. Mai kemis ba ya tambayar lambar ɗan ƙasa, sau da yawa ko takardar likita ba ya nema, mafi yawan mace-macenmu kuma ba a yi musu rajista. Idan aka ce ba a ga illa ba a wurinmu, a yawancin lokaci ma'anarsa ita ce ba a duba ba.

Dole mu yi wa kanmu adalci a nan, domin ƙin ƙidaya da jama'armu ke yi ba jahilci ne zalla ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye da dama kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, har aka kai ga sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda ya shaida wannan, in ya ga mutum da takarda da alƙalami yana tambayar abin da ɗansa ya sha, ba laifinsa ba ne in ya ja baya. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ƙaurace wa rigakafin shan-inna da aka yi a 2003 ya sha ruwa daga wannan rijiya. Amma a lura da bambanci. A Kano an ba yara sabon magani ne ana kallon abin da zai faru. Mai aikin rajista kuwa ba ya ba kowa komai, abin da ya riga ya faru yake tattarawa don kada ya tafi a banza. Bilhasali ma, inda babu rajista kowa na cikin gwaji, sai dai gwaji ne da babu mai rubuta sakamakonsa.

Akwai kuma masu ganin bin diddigin sanadin mutuwa kamar jayayya ce da ƙaddara. Ba mu ga haka ba. Wanda ya san akwai ramin da ya karya ƙafar ɗan'uwansa a kan hanya, ya yi shiru har na baya ya faɗa, ba tawakkali ya yi ba. Mun yarda ajali ba ya jira, mun kuma yarda a gaggauta suturar mamaci. Rubuta layi biyu a kan ciwon da ya yi da maganin da ya daɗe yana sha ba zai jinkirta jana'iza ba.

Mu masu nazarin adabi tarbiyyarmu ta mutum ɗaya ce. Mun saba da tauraron labari mai suna da uwa da gari, shi ya sa alƙaluma kan yi mana sanyi, mu ga kamar an mayar da mutane tsakuwa. Mun daɗe muna wannan zato kafin mu gane cewa mutumin da aka sa cikin lissafi an ba shi bakin magana ne bayan ransa. Tsohuwar da ta rasu a wani ƙauyen Denmak shekaru da suka wuce ba ta san Pottegård ba, amma layin da aka rubuta a kanta yana cikin abin da ya sa aka canza takardar magani a Amurka. Jama'ar ƙasar gaba ɗaya ba su kai mutanen Jihar Kano yawa ba.

Ba muna cewa sai mun gina irin littattafansu kafin mu motsa ba, wannan aikin shekaru ne. Abin da ke kusa shi ne a fara da waɗanda abin ya fi shafa. Zabayan da ke zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da ciwon fata sanannu ne ga likitocinsu, suna da ƙungiyoyinsu, adadinsu kuma bai fi ƙarfin ƙidaya ba. A tambayi kowane wane maganin hawan jini yake sha, tun yaushe, a rubuta a wuri ɗaya, a yi haka a Kano da Zariya da Sakkwato. Kafin amsa ta fito, likitan da zabiya ya zauna a gabansa da hawan jini yana da wasu magungunan da zai iya zaɓa, ferindofiril da amlodifin suna cikin haɗin da gwajin Ojji ya nuna suna aiki, babu kuma HCTZ a cikinsa.