Saiwar Jinsen a Ma'aunin Sababi da Tawakkali

Daga cikin kayan da suka shigo kasuwannin Yamai daga gabashin Asiya akwai shayi da kofi da ƙwayoyi masu ɗauke da sunan jinsen, waɗanda ake tallarsu da cewa suna ƙarfafa garkuwar jiki, wato rundunar ƙwayoyin jini da sinadaran da jiki ke tunkarar cuta da su. Jinsen saiwa ce ta wani tsiro mai son inuwa da sanyi, wanda ke fitowa a Koriya da arewa maso gabashin Sin da gabashin Rasha, yana kuma da ɗan'uwa a Amurka da Kanada, kuma manoma ba sa tonon saiwar sai ta shekara 4 zuwa 6 a cikin ƙasa. Ba ta fitowa a yankin Sahel, magori da boka ba su gaje ta ba, kuma babu wani nassi da ya ambace ta, saboda haka hujjar da ta rage wa mai talla ita ce cewa abin halittar Allah ne, ba haɗin bature ba. Tambayar da ta kamata ita ce ko kasancewar abu tsiro ya isa ya mai da shi magani a idon shari'a.

Malamai ba su yi saɓani mai yawa ba a kan cewa neman magani ba ya warware tawakkali, wato dogaron zuciya ga Allah, domin hadisai ingantattu sun yi umurni da shi, kuma Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, yana mai ganin juyawar ma ƙaddara ce. Abin da ya fi wuya shi ne tantance abin da ya cancanci a kira shi sababi, ma'ana hanyar da Allah ya saba gudanar da sakamako ta cikinta. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kasa sabubban kawar da cuta kashi uku a cikin Ihya'u Ulumiddin: akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne idan ana tsoron halaka, akwai wanda zato ya rinjaya a kansa, kamar ƙaho da maganin wankin ciki, wanda yin sa ba ya rage tawakkali, akwai kuma na wahami, wanda ba shi da madogara sai tsammani, kuma barinsa shi ne ya dace da mai tawakkali. Abin lura a wannan rabo shi ne cewa ƙarfin sanin da ake da shi game da amfanin abu shi ke ba shi matsayi. Gazali bai tambayi ko daga daji abin ya fito ko daga hannun mai sana'a ba.

Wannan ma'auni ya fi dacewa da hankali, domin zaƙami ma tsiro ne, yana kuma gusar da hankalin wanda ya sha shi, kamar yadda ruwan tumfafiya ke illata ido. A gefe guda kuma, maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitocin Yamai ke bayarwa a yau asalinsa daga wani nau'in tazargade yake, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarinsa a Sin a farkon shekarun 1970, aikin da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Gwaji ne ya ɗaga tazargade daga matsayin tsammani zuwa matsayin da likita ke dogara da shi, kuma wannan gwajin shi ne abin da malaman da suka gabata ke kira tajriba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna a Sakkwato, abin da ke nuna cewa bin diddigin amfanin itatuwa ba baƙon abu ba ne ga malantar ƙasar Hausa.

Idan aka ɗora jinsen a kan wannan ma'auni, adalci ya hana a ce ba ta da komai. Tana ƙunshe da sinadarai da ake kira jinsenosid, an ga suna motsa wasu ƙwayoyin garkuwa a ɗakin gwaji, kuma wani bincike da aka buga a Kanada a 2005 ya nuna cewa waɗanda suka sha tataccen jinsen na Amurka sun ɗan samu sauƙin yawan mura. Sai dai bincike-binciken da aka yi a kan mutane ba su da girma, sakamakonsu bai daidaita ba, kuma babu wanda ya nuna cewa saiwar tana hana sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, waɗanda suke cikin cututtukan da ke ɗaukar rayuka a Nijar. Tana kuma da illolin da aka sani, domin tana iya hana barci, tana sauke sukarin jini, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin ciwon sukari, tana kuma iya rikita aikin warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa. Matsayinta ke nan: zato mai rauni a kan mura, wahami zalla a kan manyan cututtuka.

Mutanen Yamai sun ga yadda sababi mai ƙarfi yake. A ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma sanƙarau nau'in A, wanda ya daɗe yana zuwa da bazara, ya kusan ɓacewa daga yankin. Da nau'in C ya ɓarke a 2015, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki, riga-kafi da magani a asibiti aka nema. Magidancin da ya kashe kuɗin cefane a kan shayin jinsen, alhali bai kai ƴaƴansa riga-kafin da ake yi kyauta ba, ya saki sababi mai ƙarfi ya kama mai rauni, ko da kuwa yana ganin ya zaɓi abin da ya fi kusa da fiɗira.

Nauyi mafi girma yana wuyan mai sayarwa. Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne mafi yawan mutanen Nijar ke bi, ya haramta algus, ya kuma haramta garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma akwai hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil, sinadarin maganin ƙarfin maza, a ɓoye cikin kofi da zumar da aka tallata da sunan tsirrai, kuma wannan sinadari yana iya sauke hawan jini ƙasa warwas ga mai shan wasu magungunan zuciya. Kwalin da ya kwana a rana a kasuwar Katako, wanda mai tallarsa ba ya iya karanta rubutun jikinsa, ba a san ko akwai jinsen a cikinsa ba ma. Shan saiwar halal ne ga lafiyayyen da ya san abin da ya saya, ya kuma nemi shawarar likita idan yana kan wani magani. Sayar da ita da alkawarin tana kare mutum daga annoba algus ne, kuma barin riga-kafi saboda ita sakaci ne da bai da hujja a shari'a.