Kan Yumɓu a Gonar Doya

A shekara ta 1943, wani akawu a filin haƙar kuza na ƙasar Jema'a ya tsinci kan mutum da aka ƙera da gasasshen yumɓu. Ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa shi a matsayin mutum-mutumi. Sai da ya shekara a can kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos, wanda ya gane aikin mutanen Nok ne, na fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masanan Jamus da suka soma tono a yankin a 2005 sun tarar da irin waɗannan siffofi a farfashe, an binne su kusa da wuraren da suke ganin kaburbura ne. Ashe abin tsafi da girmamawa ne ya ƙare yana gadin doya.

Haka ma a Mohenjo-daro ta ƙasar Pakistan, an tono ƙananan hatimai na dutse masu shekara 4,000, da zanen dabba mai ƙaho ɗaya tsaye gaban wani abu mai kama da bagade. Masu sujadar sun shuɗe, rubutun da ke kan hatiman kuwa har yau ba wanda ya iya karanta shi.

Annabi Irmiya, wanda ya yi zamani da maƙeran Nok ko da yake bai san da su ba, ya kwatanta gumaka da mutum-mutumin gona (Irmiya 10:5). Gwanintar kakanni abin yabo ce, ba ta raini ba. Amma abin da sai an ɗauke shi, yaya zai ɗauki nawayar mutum?

Tambayar ta shafi gidajen masu bi a Lafia, da Doma, da Obi. Akwai uwar da ba ta fashin zumuntar mata, amma in zazzaɓi ya kama jariri da tsakar dare, layar da kaka ta aiko ita ce ta fara zuwa wuyansa, kafin addu'a, kafin asibiti. Akwai dattijon ikkilisiya da ya binne ƙaho a ƙofar rumbu. Tsoro ne, ba mugunta ba, amma yara suna kallo, suna kuwa koyo.

Manzo Bulus ya tuna wa Afisawa cewa an riga an buga musu hatimi da Ruhu Mai Tsarki (Afisawa 1:13). A birninsu ne masu sihiri da suka tuba suka tara littattafansu, suka ƙone a gaban jama'a. Da aka lissafta kuɗinsu, ya kai azurfa 50,000.